Rigar Ƙanƙara ta Takwarata

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke ƙasan akwati da abin da ke ƙasan zuciya. 'Yata Rabi ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana. In ta yi ɗaci a bar ta da ɗacinta.

Abin da ya sa na zaunar da ita yau, magana ce na ji a bakinku ranar sunan nan da aka yi a gidan nan. Kuna tsakar gida kuna gyaran shinkafa, wata a cikinku ta ce, "Ai Iya ce ta hana Ummi wasan ƙanƙara." Sauran kuka ce haka ne. Kun ɗauka barci nake. Tsohuwa ba ta barci a taro, ido kawai take rufewa. To ku saurara, ku ji yadda aka yi, kafin ku koya wa 'ya'yanku abin da ba ku sani ba.

Ummi 'yar ɗana na fari ce, wanda kuke kira Yaya Likita. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba. Tun da aka yaye shi yayar babanku ta ɗauke shi riƙo zuwa Zango, kamar yadda ake yi da ɗan fari, can ya girma, daga can karatu ya ja shi har Kanada, ya yi aure ya zauna. Ni da shi gaisuwa ce ke haɗa mu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango, ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma haka na ga uwata ta yi da yayanmu. Da aka haifa masa mace sai ya sa mata sunana, shi ya sa ba a kiran sunan, ake ce mata Ummi. Ni kuwa takwara nake ce mata.

Shekarar da nake ba ku labari, da damina suka zo, gero ya kai gwiwa. Yarinyar ta fara zama budurwa, doguwa, siririya, wuya kamar na barewa, Hausarta duk a karye. Amma ba ta da ƙyuya. Sauran jikokina in sun ga na ɗauko allura sai su watse, sun san ba na son surutu a kan aiki. Ita sai ta zo ta zauna a gefen tabarmata ta zuba wa hannuna ido. Kun san sana'ata. Tun ina amarya nake surfani, hula da wuyan riga da matashin amare, daga baya babanku ya saya min keke na haɗa da ɗinkin mata. Babu unguwar da aikina bai shiga ba a cikin garin Daura, kuma ba a taɓa dawo min da shi an ce ya warware ba.

Wata rana ta ɗauki wata hula da na gama, ta juya cikinta tana shafawa.

"Kaka, ina ƙullin? Ban ga inda kika ƙare ba."

Na ce, "In kin gani ai ban iya ba."

Ta yi dariya. Sai ta ciro waya ta ce za ta nuna min nata aikin. Na ga wani fili fari fat, kamar an shimfiɗa alawayyo, ga ta a tsakiya da takalmi mai wuƙa a ƙasa, tana sulalawa ba ta ɗaga ƙafa. Ta ce ƙanƙara ce.

Na ce, "Mu nan da azumi muke sayenta mu jefa a zoɓo, ku kuma takawa kuke yi? Allah ya shirye ku."

Ban rufe baki ba sai na ga ta naɗe hannuwa a ƙirji ta hau juyi a ƙafa ɗaya. Wallahi mazari na gani. Uwata kaɗi take yi, na san yadda mazari ke tsayawa a kan tsininsa in hannu ya iya, yana gudu amma kamar a tsaye yake. Haka jikata take. Ban ce mata ta burge ni ba. Na ce ta sake kunna min, idona bai gani da kyau ba.

Daga nan ta shiga yi min bayanin kayan da ake sawa, rabi da baki rabi da hannu. Ta ce a wajen koyo kowa da wandonsa da rigar sanyi, amma ranar gasa akwai alƙalai, kuma ido yana fara sauka a kan riga kafin ƙafa. Ta nuna min sauran 'yan matan. Riguna ne da ba su kai tafin hannu biyu ba daga ƙugu, an lulluɓe su da duwatsu masu walƙiya, cinya a waje. Inda ka ɗauka fata ce, a hannu da ƙirji, ta ce wani yadi ne mai launin fata da ake sawa don ya ruɗi ido. Ta ce ko shi ɗin ba a cika samun mai launin fatarta ba, in ta sa sai ta zama kamar an ɗora mata hannun wata. Ta ce in dutse ɗaya ya ɓalle ya faɗi a kan ƙanƙara, alƙalai za su rage mata maki. Kuma ta ce an yarda mace ta sa wando, an yarda ta rufe kai, sai dai duk rigar da uwarta ta samo mata mai rufe jiki, in ta sa kamar buhun gawayi take komawa. Na ji duk wannan, na ajiye a raina. Na ga inda maganar ta dosa, na kuma zauna ina jira ta iso.

Da ta zo ta tambaye ni a ɗaki, ni da ita, da wannan labarin bai samu ba. Amma yarinyar ba ta san lokacin magana ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ƙanen babanku, Baffa Idi, Allah ya ji ƙansa, ya zo daga Zango gaishe da baƙi. An shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, maƙwabta mata sun shigo, ubanta na zaune can gefe. A nan ta taso da wayarta, da murnarta, ta durƙusa a gabana.

"Kaka, ina so ki ɗinka min rigar gasa. Mai irin wannan zanen naki. Ke kaɗai za ki iya."

Baffa Idi ya ce, "Wace irin gasa? Ta karatu? Kawo mu gani."

Ta miƙa masa. Ba hotonta ya fara gani ba, na waɗancan 'yan matan ne. Ya kalla, ya nisanta wayar daga fuskarsa kamar ta yi wari, ya juyo gare ni. Da ma tsakanina da shi akwai wasan ƙanen miji, ba ya raga min.

"To, matarmu, ashe da tsufanki telan 'yan rawa za ki koma? Sai ki ɗinka biyu, ke ma ki sa ɗaya mu zo kallo."

Matan suka kwashe da dariya. Duk ido ya dawo kaina. Ku da kuka tashi a gidan nan kun san abin da babba ke yi a irin wannan wuri. Ba ya amsawa da "to" a gaban mutane kamar da ma jira yake. Na ɗaure fuska na ce:

"Allurata ba ta ɗinka tsiraici. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi. Ba ta yi kuka ba, ta ce "To, Kaka," ta shige ɗaki.

Yanzu ku faɗa min, ku da na raina, sau nawa na ce muku a'a a tsakar gida? Ke Rabi, da kika so zuwa makarantar kwana, me na fara ce miki? Na ce sai dai bayan raina. Me kika yi? Kika bari kwana biyu, kika turo ƙawata ta ba ni baki, sannan kika shigo da kanki da safe kina matsa min ƙafa, kika sake tambaya. Wa ya ɗinka miki zanen gadon da kika tafi da shi? A'ar farko ta mutane ce, don su shaida ba a same ka da arha ba. Ta biyu ita ce taka. Kowane yaro a Daura ya san ƙofar da babba ya tura bai sa mata sakata ba. Ni a raina na gama amsa mata tun ranar da na ga mazarin nan. Abin da na faɗa ma gaskiya ne, allurata ba ta ɗinka tsiraici, kuma ba tsiraici ta roƙe ni ba.

Washegari na fara shiri. Ban auna ta ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tana wucewa da buta ina ɗaukar faɗin kafaɗarta, tana miƙa hannu ta ɗauko abu a kan rumbu ina ɗaukar tsawon hannun. Na aiki wata maƙwabciyata mai zuwa Kano sari, na ce ta nemo min yadin nan mai roba da ke bin jiki, launin shuni mai duhu, ban gaya mata na mene ne ba. Da ya zo ya ba ni wahalar da wani yadi bai taɓa ba ni ba. In na bi shi da keke, da an ja sai zaren ya tsinke. Na farke na sake, na farke na sake, har na gane ba ya son a ɗaure shi. Na koma ɗinkin hannu, ina jan yadin ina soka allura, don zaren ya sami wurin numfashi. Na yanka wando har idon sawu, riga mai dogon hannu da wuya a rufe, da 'yar hula mai kama kai wadda ke haɗe da wuyan, yadda ko guguwa ta shiga ba za ta cire ba. A ƙugu na ɗora wani ɗan buje mai fuka-fukai, wanda in tana tsaye zai kwanta ya rufe ta, in ta juya ya buɗe. Dutse ko ɗaya ban sa ba. Tun da an ce abin da ya faɗi ana cin tararsa, na ce nawa ba abin da zai faɗi. Da farin zare mai sheƙi na yi surfanin, dagi a ƙirji, sannan na bi bakin bujen da shi mai kauri don ya yi nauyin da zai ja shi ya buɗe. In kowa ya fita, sai in zura wa taɓarya rigar, in tsayar da ita a turmi, in murza ta da tafin hannu kamar maburgi, ina duba yadda bakin ke tashi. Da farko gefe ɗaya ya riƙa rinjaya, na rage, na ƙara, har ya buɗe daidai kamar faifai. Kuma na bar mata wurin girma, yatsa biyu a kowane ɗinki, kamar yadda ake yi wa yaro.

Duk wannan a ɗaki nake yi, ƙofa a saye. In na ji tafiyarta sai in tura aikin ƙarƙashin matashi in ɗauko hula, in gyara zama, in ce yau za ta tambaya. Sai ta shigo ta gaishe ni da ladabi, ta zauna kaɗan, ta fita. Ta daina kallon hannuna. Wadda za ta iya zama 'yar aike tsakaninmu, Rabi, tana Sandamu tana jego. Uwar yarinyar ba 'yar nan ba ce, tsorona take ji. Ubanta kuwa, a ina zai san halina? Ba a gabana ya tashi ba. Tun da yake bai taɓa roƙona abu sau ɗaya ba, balle sau biyu.

Ranar da za su tafi saura hannu ɗaya ban gama surfaninsa ba. Ta zo sallama ta durƙusa. Na riƙe ta da addu'a fiye da yadda na saba, ina ba ta hanya. Da na ga za ta miƙe na ce:

"Takwara, babu abin da kika manta?"

Ta ce, "Babu, Kaka. Na duba jakata sau biyu."

Rigar na ƙarƙashin cinyata a lokacin, ina zaune a kanta. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Za ku ce me ya hana in aika mata. Wa na taɓa gani ya bi yaro da abin da ya hana shi a gaban jama'a? Magana zarar bunu ce. Kuma ban ɗauka an rufe zancen ba. Na gama hannun, na turara rigar na ninke, na sa ta a akwati. In sun kira a waya aka miƙo min, sai in ce, "Takwara, ya ƙanƙara? Har yanzu ana takawa?" Ta ce ana takawa, Kaka. Sai mu yi shiru, ni ina jira, ita tana jira in gama. Na ce a raina taurin kai ne irin nawa, jini ba ya ɓuya, za ta sauko.

Bayan babbar salla hoto ya iso. Gasar ta zo ba ta da riga, malamar da ke koya mata ta aro mata ta wata yarinya. Gajera ce, ja, da duwatsu, da hannun nan mai launin fatar Turawa, kanta a buɗe. Ta yi ƙoƙari har aka ba ta lambar yabo, wani ɗan garin nan da ke can ya ga hoton ya turo gida don murna. Kafin la'asar ya zaga wayoyin dangi daga nan har Kongolam. Baffa Idi ya zo da kansa, wannan karon ba wasa a bakinsa. A gabana ya kira ubanta a waya, ya ce masa sunan uwarsa ne ke yawo tsirara a hannun 'yan acaɓa. Ya ce, "Ita mai sunan ta faɗa a gabanka ba ta yarda ba, ka take maganarta." Ina zaune. Akwatin na bayana, taku kaɗan. Da na buɗe shi a lokacin, sai in ce wa Baffa Idi me? Cewa abin da na ƙi a gabansa na ɗinka a bayansa? Na yi shiru, aka ɗauki shiruna aka aika wa yaron a matsayin hukunci. Ya cire ta daga gasa. Ya ce ba zai sake saɓa wa Iya ba.

Daga nan in an miƙa mata waya sai ta ce "Ina wuni, Kaka," ta mayar. Hausar da ta fara tsinta a gefen tabarmata ta zube. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, uban ya zo, ita ba ta zo ba, wai karatu.

Sai da Baffa Idi ya rasu ta biyo uban gaisuwa. Mace ta shigo min, cikakkiya, da mayafinta, ta fi ni tsawo nesa. Ta gama jami'a. Na tambaye ta ƙanƙara, ta ce gasa kam ta wuce ta, ƙafa tana da lokacinta, amma ranar hutu tana koya wa ƙananan yara. Da mutane suka ragu na ce ta buɗe akwatin nan ta ɗauko min turare, yana ƙarƙashin likkafanina. Na san abin da ke saman likkafanin. Na juya mata baya ina jan carbi.

Na ji ta daɗe. Sannan na ji ta zauna a ƙasa.

"Kaka, wannan ta wace ce?"

"Wa kika sani mai taka ƙanƙara a gidan nan?"

"Yaushe kika ɗinka?"

"Kina nan na yanka ta. Kina wucewa da buta ina aunawa."

Ta juya cikin rigar tana neman ƙulli, kamar yadda ta yi wa hular nan. Ta ce:

"Me ya sa ba ki ba ni ba?"

Na ce, "Ba ki sake tambaya ba."

Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ɗan gidan nan ba ya yi.

"Kaka, ban san ana sake tambaya ba. Can in babba ya ce a'a, in ka sake, rashin kunya ne. Na ɗauka biyayya nake miki."

Na kau da kai. Ni da ake cewa bakina ya fi almakashina kaifi. Ta zura hannunta a hannun rigar, ya shiga har gwiwar hannu ya tsaya. Yatsa biyun da na bari na shekara ɗaya ne, ko biyu. Ban bar wurin shekarun da muka yi ba.

Ta ce in ba ta ita. Wannan karon a ɗaki ta tambaya, ni da ita, kuma ban tsaya jiran ta biyu ba.

Ba gafararku nake nema ba, kuma ba zan ce tarbiyyar da aka yi min ƙarya ce ba. Da ita na raine ku, ga ku nan kun zama mutane. Amma ƙofar da aka tura ba a sa sakata ba, sai wanda ya tashi a gidan ya san haka. Baƙo in ya ga ta a rufe, juyawa yake. Mu muka aika ɗanmu riƙo, shi ya haifi 'yarsa a bayan teku, sannan muka zauna muna jiran ta san abin da ba wanda ya koya mata. Ku da 'ya'yanku ke tashi a Abuja da Legas da inda ban san sunansa ba, ku riƙe wannan.

Watannin baya ta turo wa Rabi wani hoto mai motsi, ta ce a nuna min. Wata yarinya ce cikin waɗanda take koya wa, 'yar Musulmi, iyayenta daga wata ƙasa suka je can, su ma sun ce ba za ta yi gasa da cinya a waje ba. Ga ta a tsakiyar farin filin nan cikin shunina. Ta sulala, ta naɗe hannu, ta hau juyi. Bakin bujen ya tashi ya buɗe kamar faifai, daidai, ba gefen da ya rinjayi wani. Hular ba ta motsa ba. Ba abin da ya faɗi a kan ƙanƙara. Can gefe, bayan katangar, na hango wata doguwa cikin rigar sanyi tana tafi.

Rabi ta ce, "Iya, kin ga rigarki ta yi kyau."

Na ce ta mayar min baya, ba rigar nake kallo ba. Na ce ta tsayar min da shi a kan mai tafin.